Garin da Na Zaɓa Ranar Talata

Ranar Talata na zaɓi garin da muke zaune yanzu, kuma duk kuskuren daga nan ya taso. Da a ce Alhamis na je, da ko butar shayina ban sauke ba, zan juya. Amma Talata na je, da rana tsaka, na tarar da gari a kwance, na ce na samu abin da nake nema.

Ni mutumin cikin birni ne. A Shahuci aka haife ni, a gidan da aka haifi mahaifina. Kakan kakanmu daga Gadamas, can ƙetaren hamada, ya zo da raƙuma, ya sauke kaya a Kano bai sake ɗauka ba. Abin da ya rage mana na wancan asali shi ne ɗan hasken fata, da shan shayi safe da yamma, da sana'ar turare. Rumfata tana kasuwar Kurmi, shekara talatin ina auna wa mutane miski da sandal da turaren wuta. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya tafka wautar da zan ba da labari ba baƙon kasuwa ba ne. A kasuwa na tashi, a kasuwa gemuna ya yi fari.

'Ya'yanmu uku. Mata biyu sun yi aure, ɗaya tana Gwale, ɗaya mijinta ya tafi da ita nesa. Namijin shi ne ɗan fari, shi ne kuma ya rage a gida. Gyaran waya yake yi a wani shago bayan Ƙofar Nassarawa. Yana da wani taku da duk gidan suka sani, yana jan dunduniyar hagu a ƙasa, tun daga bakin lungu za ka ji shi. Maiɗakina ta tsani takun nan, amma ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Sai dai ta ce da ƙanwarsa, ta gaya wa wancan ya daina share mana lungu da takalmi.

A shekarar da bama-bamai suka fara tashi a garin, wata Juma'a da la'asar, muna soro ni da ƙanena muna shan shayi muka ji na farko. Kofi ya motsa a kan faranti. Kafin mu gama kallon juna na biyu ya tashi, sannan harbi. Na kira wayar ɗana ba ta shiga. Na kira ta abokin shagonsa, ita ma haka. Kafin magariba rediyo ta ce an sa dokar hana fita, ba dare ba rana.

Washegari Kano ta yi tsit. Ban taɓa jin ta haka ba. Babu mota, babu babur, babu mai talla, maƙeran da ke bayan gidanmu ba su buga ƙarfe ba. Ladan ma a taƙaice ya yi kiran salla. Na wuni a soro ina kallon bango. Maiɗakina tana ciki, ban leƙa ta ba, ita ma ba ta aiko ba.

Da aka sassauta dokar muka fita nema, ni da ƙanena. Ba zan bayyana wurin da muka same shi ba. Da takalminsa na gane shi, dunduniyar hagu ta cinye. Abin da na tuna ina tunani a lokacin shi ne ko na sa wa rumfa kwaɗo na biyu. Ban yi kuka ba. Har yau ban yi ba, kuma ba jarumta ba ce, abin ne ya ƙi zuwa.

Ita ma ba ta yi ba. A zaman makoki mata suna ta yaba mata, wai ba a taɓa ganin haƙuri irin nata ba. To me za ta yi? Ɗan fari ne, uwa ba ta zubar masa da hawaye a gaban surukai. Ta zauna ta karɓi gaisuwa, ta ce haka Allah ya so, aka watse. Bayan an watse ne ta fara raguwa. Ita ce mai alkakin unguwarmu, babu bikin da za a yi ba a aiko mata da alkama ba. Ta daina karɓa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Zoben hannunta ya fara faɗuwa, ta cire ta ajiye a gwangwanin allura. Magana kuwa, in ka yi mata goma ta ba ka ɗaya, ita ma "to" ce.

Na lura duk lokacin da aka yi wani ƙara, taya ta fashe ko an buga ƙofa, sai ta tsaya cak ta ɗaga kai. Na ce tsoro ne. Na lura ta janye tabarmarta ta kai jikin bangon da ke kallon lungu. Na ce sanyin wurin take so. Rediyo kuma ta bar ta a kunne dare da rana, ko ba a komai sai shuu. Wannan kam na kashe, na cire batir na sa a aljihu, don kullum labarin mutuwa ake yi a ciki. Na tara yaran gidan na ce wanda ya sake guje-guje a sashenmu zai gamu da ni. Matar ƙanena ta mai da turminta can baya. Sashenmu ya yi shiru kamar yadda na so, ita kuma ta ci gaba da ramewa.

Na kai ta wurin likita. Ya auna ta, ya yi mata tambayoyi, ni na amsa. Ya ce jikinta lafiya, hutu take bukata, in da hali a nisanta ta daga hayaniya da tashin hankalin gari. Magana ɗaya ya yi ya wuce ga mai bi mana, amma ni na riƙe ta da hannu biyu. Na samu aikin yi. Matar nan tana ƙarewa a gabana, in ban fitar da ita ba, zan binne ta kusa da ɗanta kafin shekara, wannan na sani sarai.

Nan na fara yawon neman gari. Sharaɗina biyu ne, ya zama shiru, ya zama kuma wanda aljihuna zai iya, don kasuwa ta mutu a shekarun nan, wa yake ta turare. Nakan bar rumfa a hannun ƙanena in shiga mota. Fita daga Kano ma aiki ce a lokacin, shinge bayan shinge, a sauke ku a duba, masu babur suna turawa da ƙafa. A jakata akwai butar shayi da ɗan gawayi da ganye. Mahaifina ya gaya mini haka kakanninmu suke yi, in sun sauka a zango ba sa yanke shawarar zama sai sun dafa shayi da ruwan wurin. Ruwa ba ya ɓoye halinsa a shayi. Ban san ko gaskiya ne sun yi hakan ba, tsohon yana da ƙarin gishiri, amma ni dai na yi.

Gari na farko ruwansa kanwa ne zalla, shayin ya fito baƙi da wani ɗanɗano kamar an wanke tukunya a ciki. Wani kuma ya yi mini, sai dai babban titi ya raba shi biyu, manyan motoci ba sa tsayawa. Akwai wanda na je sau biyu, na ma fara ciniki, sai mai gidan ya ji daga Kano nake ya ninka kuɗin haya, wai mutanen gabas da yaƙi ya koro suna ta zuwa, gida ya yi daraja. Na ce masa Allah ya ƙara wa gidan daraja, na ɗauki jakata. Sauran ban ma tuna su ba. Kusan wata biyu ina wannan, in dawo da yamma in tarar da ita inda na bar ta. Ba ta tambayar inda na je. Ni ma, in faɗi gaskiya, ba na jin komai a tafiye-tafiyen nan, ba ɗoki ba damuwa. Ina dai kallon gonaki ta taga.

Sai wannan garin. Wani mai sayen turare a wurina ne ya ambace shi, ya ce ana ratsewa daga titi a yi tafiya mai ɗan nisa a kan burji. Na isa wajen azahar. Akuyoyi suna kwance a tsakiyar hanya, direba sai da ya kauce musu. Tsofaffi uku a gindin darbejiya, ɗaya yana barci. Na tambayi dillali aka nuna mini wani mutum siriri mai hula ja, yana ta kira na Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ya kai ni wani gida mai soro da ɗaki uku da rijiya a tsakar gida. Na ja ruwa na hura gawayi. Shayin ya fito ja garau. Da ya faɗi kuɗin haya sai da na sa ya maimaita, don bai kai rabin abin da na yi zato ba.

A gaban gidan akwai wani fili babba, cike da rumfuna na kara da na langa-langa, layi-layi, babu kowa a ciki sai kaji. Na gan su da idona. Na tsaya na ƙare musu kallo ma. Ni ɗan Kurmi ne, kasuwarmu kullum ci take, tun kafin a haifi kakana. A wurina in ka ga rumfa babu mai ita da rana tsaka, to kasuwar ta mutu. Sai na ce a raina, Allah sarki, kasuwarsu ta tashi, shi ya sa gidan ya yi araha. Har daɗi na ji, in har abin da na ji ana kiransa daɗi. Na tsaya a bakin soron na rufe ido na saurara, ban ji komai ba sai kurciya. Ban tambayi dillali ba, shi ma bai ce uffan ba. Na biya na shekara.

Da na koma na gaya mata na samo mana gari, ta ce to.

Saura maganar sashenmu. Gidanmu gidan gado ne, ba a sa ɗan haya a ciki, ba a kuma barin ɗaki a kulle alhali wani yana bukata. Ɗan ƙanena ya daɗe da neman aure, iyayen yarinyar sun ce ba za su sa rana ba sai sun ga inda za ta zauna. Na kira ƙanena da baffanmu da limamin unguwa a soro, na ce na ba yaron sashena, kyauta, ya sa matarsa. Baffa ya sa na faɗa sau uku kamar yadda ake yi, aka shafa fatiha. Da aka tashi ƙanena ya riƙe ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Yaya, ka dai tambaye ta?"

Na ce na gaya mata, ta ce to. Ya ce ai komai aka gaya mata yanzu to take cewa. Raina ya ɓaci, na ce masa shi ya aure ta ko ni, shekara kusan talatin muna tare, shi zai koya mini ita? Ya ba ni haƙuri. A satin nan iyayen yarinyar suka sa rana.

Ranar Asabar muka tashi, a-kori-kura ɗaya ta kwashe mu. Ta ɗauki gwangwanin allurarta ta riƙe a cinya. Kaskon suyar alkaki ta bari, 'yarmu ta Gwale ce ta cusa shi a cikin kaya tana kuka. Muka fita ta Ƙofar Nassarawa, muka wuce layin shagon da ɗanmu yake aiki, an riga an sa wani a kujerarsa. Na duba ta, idonta yana kan gwangwanin.

Kwana biyar na farko garin ya cika alkawari. Shiru safe, shiru rana. Ni kam na yi barci irin wanda na manta da shi. Nakan zauna a soro in dafa shayi in kalli rumfunan nan da babu kowa, in ji kaina wayam, kuma hakan ya yi mini. Ita kuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda za ta ga ƙofar soro, ta zauna. In na shigo sai ta ɗaga kai, ta ga ni ne, ta sunkuyar. Ɗan kunun da take sha a Kano ma ta rage. Na ce baƙunta ce, za ta saba.

Ranar Alhamis, ina dawowa daga sallar asuba, na ga babbar mota tana sauke buhuna a ƙofar gidana. Bayanta wata. Kafin hantsi filin nan ya cika maƙil. Shanu, tumaki, masu babur ɗauke da kaji, mahauta, 'yan koli. Aka tayar da injin niƙa a jikin katangarmu. Wani mai maganin gargajiya ya kafa lasifika yana lissafa cututtukan da ko a gaban abokai ba na iya faɗa. Ashe kasuwar mako ce, kuma ita ce babba a duk yankin, ƙauyuka sun fi ashirin suna cin ta. Gidan da na kama shi ne na farko a bakinta.

Na nemo dillalin a cikin taron, na same shi yana cinikin jaki. Na zazzage masa abin da ke bakina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi fa bai ɓoye komai ba, rumfunan suna nan a fili, kuma ni na gaya masa da bakina ɗan kasuwa ne ni. Ya ce ya ɗauka saboda kasuwar ma na kama gidan, don in kafa teburin turare a soro. Ya ce wa zai ga rumfa bai tambayi ranar cin kasuwa ba? Mutane suka fara taruwa, wani ya ce ai ɗan birnin nan ne, aka yi dariya. Kakan da nake taƙama da butarsa, da shi ne ya sauka a garin nan, kafin ya nemi rijiya sai ya tambayi yaushe kasuwa take ci.

Na koma gida da gudu-gudu. Na shigar da ita ɗakin ƙarshe, na toshe taga da buhu da tsohon bargo, na kulle soro. Mata suna ta buga ƙofa. Daga baya na gane al'adar wurin ce, gidan da ke bakin kasuwa nan matan ƙauye suke shiga su sha ruwa, su yi salla, su shayar da jarirai. Mai gidan da ya gabace ni bai taɓa rufewa ba. Ni na zauna a bayan ƙofar ina cewa babu kowa. Da yamma na lura ta shanye furar da na sayo mata, har ta ƙara. Na ce nonon ƙauye ne, ya fi na birni. Juma'a ta koma tabarmarta, ta koma kallon ƙofa.

Asabar ta gaba na je Kano ɗaurin auren ɗan ƙanena. Ita ta ce ba za ta iya ba. Aka ja ni in ga jere. An shafe ɗakinmu da fenti ruwan hoda, an sa gado mai madubi a inda tabarmarta take. Ƙusar da ɗanmu yake rataye rigarsa an cire, an cike ramin. Ɗakin ya yi kyau, haka na ce musu, kuma ba ƙarya na yi ba. Amarya ta durƙusa ta gaishe ni tana kira na Baba. Na sa mata albarka, na ci shinkafa, na nemi mota.

Alhamis ta biyu ma haka na yi, na toshe, na kulle, na yi gadi. A tsakani na matsa wa dillali ya nemo mini wani gida. Ya ce akwai ɗaya a can ƙarshen gari, bayan makabarta, ko ranar kasuwa ba a jin komai, mai shi zai yarda a yi musaya don ya daɗe yana kwaɗayin na bakin kasuwa. Sai dai mutumin ba ya samuwa sai Alhamis. Don haka Alhamis ta uku na shigar da ita ɗakin ƙarshe, na ce ta sa sakata a soro in na fita, kada ta buɗe wa kowa. Ta ce to.

Gidan bayan makabarta ya yi shiru ƙwarai. Na tsaya na saurara kamar wancan karon, har ƙudan da ke yawo a soron ina ji. Wannan karon na yi tambayoyi kamar alƙali, ko akwai injin niƙa kusa, ko makaranta, ko maƙera. Babu. Muka yi magana a kan za mu tashi ranar Litinin. Na dawo bayan azahar ina ratsa kasuwa, ina toshe hanci saboda warin kifi.

Soro a buɗe na tarar. Takalman roba sun cika bakin ƙofa. Na yi sallama ba wanda ya ji, na leƙa. Tsakar gidan cike da mata, wasu suna salla, wasu sun baje ƙwaryar nono, jariri yana tsala kuka, ga injin niƙa yana girgiza katanga. Buhun da na toshe taga da shi an cire an shimfiɗa wa wata tsohuwa. Ita kuma tana bakin rijiya tana jan guga, hannun rigarta a naɗe, tana yi wa wata yarinya faɗa a kan ta zubar da ruwa a hanya. Faɗa sosai, da muryarta ta da. A gefe na hango kaskon alkaki an fito da shi an wanke, an kife a rana.

Na koma soro na zauna. Ban san abin da zan ji ba, don haka na dafa shayi.

Sai da kasuwa ta watse, wajen magariba, matan suka tafi, na shiga. Tana share ɓawon gyaɗa. Na ce mata ta yi haƙuri da wannan fitinar, ta ƙare, na samo mana gida a bayan makabarta inda ko tari ba za ta ji ba, Litinin za mu koma. Ta jingine tsintsiyar. Na jira ta ce to.

Ta ce, "Malam, ka tuna ranar da aka hana fita?"

Na ce na tuna.

"Babu mota, babu mai talla, ko yaro bai yi kuka ba. Na ce yau kam tun daga bakin titi zan ji takunsa. Na wuni ina saurare. A garin nan kullum ranar ce. Kwana shida ina zaune ina jin ba ya zuwa. Yau kaɗai nake hutawa, don in ana hayaniya ba na iya sauraro."

Rabona da jin magana mai tsawon haka daga bakinta tun kafin rasuwar. Na tsaya ina kallon tsintsiyar. Rediyon da na cire wa batir ta faɗo mini, da turmin da na kora, da yaran da na hana gudu, da tabarmar da ta kai jikin bangon lungu. Duk na gani, duk na ba su wata fassara. Ni ne nake son shirun. Ni ya yi wa amfani, don a cikinsa babu abin da yake taɓa ni. Na kwaso baiwar Allah daga garin da ba ya yin shiru sai an sa doka, na kawo ta nan, na kuma bayar da ɗakinta a gaban liman.

Na ce mu koma Kano. Ko haya ce in kama a Gwale kusa da 'yarmu, in ma ɗaki ɗaya ne, zan san yadda zan yi. Ta girgiza kai. Ta ce in muka koma muka zauna a haya, dangi za su ce na yi nadamar kyautar, yarinyar nan kuma ba za ta sake sakewa a ɗakin ba, kullum za ta ga kamar ita ta kore mu. Ta ce ba za ta yi wa 'yar mutane haka ba a watan aurenta. Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san aljihuna ba zai ɗauki hayar birni ba ko da ta yarda.

Ta ɗauki tsintsiyarta. Ta ce, "Ba na ce ka mai da ni ba, Malam. Ka dai bar mini Alhamis ɗina."

Washegari na je na gaya wa dillali na fasa. Ya dube ni ya ce mutanen birni sai Allah. Na sayo batir na sa a rediyo, na ajiye mata a tsakar gida, na ƙure murya. Na kafa teburin turare a soro kamar yadda dillalin ya zata tun farko. Ranar Laraba takan jiƙa alkama, Alhamis ta soya alkaki, matan ƙauye suna saye suna cika mana gida har yamma. Ranar nan tana ci, tana faɗa, wani lokaci har dariya nakan jiyo. Zoben dai yana cikin gwangwani, bai koma hannunta ba.

Mun daɗe a nan yanzu. Bama-baman sun lafa, amaryar nan tana da 'ya'ya uku a ɗakin. Mutanen Kano in sun zo gaishe mu suna cewa mun more, gari shiru, rayuwa da sauƙi, su ma da za su samu. Nakan ce musu haka ne.

Yau ma da nake rubutun nan Talata ce. Rumfuna babu kowa sai kaji. Rediyo tana yi a tsakar gida, amma ta ce ba ta toshe komai, don muryar mutum ɗaya ce. Tana kan tabarma, fuskarta tana kallon ƙofar soro. Ɗazu na tashi na shiga neman ashana, ta ɗaga kai, ta ga ni ne. Saura kwana biyu.